Daga Mosko Zuwa Toronto: Kakar Da Jikin Medvedeva Ya Zo Karɓar Bashinsa

A watan Disamban 2018, a birnin Saransk na ƙasar Rasha, allon maki ya nuna abin da masu bin wasan zamiya a kan ƙanƙara ba su taɓa kawo wa ransu ba. Evgenia Medvedeva, wadda sau biyu tana cin gasar duniya, wadda wata 10 kacal kafin nan ta rataya lambobin azurfa biyu na Olamfik, ita ce ta 14 bayan zagayen farko na gasar ƙasarta. Shekarunta 19 a lokacin. A zagaye na biyu ta ɗan farfaɗo, ta ƙare a matsayi na 7. Waɗanda suka kwashe lambobin ukun kuwa yara ne: Anna Shcherbakova da Alexandra Trusova masu shekara 14, da Alena Kostornaia mai 15. Dukkansu ɗaliban Eteri Tutberidze ne, matar da ta rene Medvedeva a wannan sana'a har shekara 11, wadda kuma Medvedeva ta bari a watan Mayun shekarar ta koma Toronto ta Kanada.

Nan take mutane suka rabu gida biyu. Wasu suka ce alhaki ne ya kama ta, ta ci moriyar ganga ta ya da kwaurenta. Wasu suka ce sabon kocinta, Brian Orser, shi ya lalata ta, ya bar ta ta yi ƙiba, tsallenta ya mutu. Duk ɓangarorin biyu suna kallon wata bakwai ne kawai, alhali abin da ya bayyana a Saransk ya daɗe yana taruwa a cikin ƙashi da tsoka.

Abin da wasan ke nema daga jiki

Ga wanda bai saba kallonsa ba, wasan kamar rawa yake. Ana sa kiɗa, 'yar wasa ta fito cikin ado, tana sulalawa a kan filin ƙanƙara mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. A ƙarƙashin takalminta akwai ƙarfe siriri mai kaurin kusan milimita 4, an kwarfe tsakiyarsa, don haka kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje. Gasa zagaye biyu ce: gajere na minti 2 da daƙiƙa 40, da dogo na minti 4. A lokacin Medvedeva, a gajeren ana tsalle sau 3, a dogon sau 7, ban da juyi a wuri ɗaya da salon taku. Alƙalai suna ba da maki iri biyu, na wahalar abin da aka yi da tsaftarsa, da kuma na gwaninta da tafiya da kiɗa.

Tsallen nan shi ne inda gizo ke saƙa. 'Yar wasa za ta tashi sama, ta juya sau uku cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta dira da baya a kan ƙafa ɗaya, kuma nauyin da ke sauka a kan wannan ƙafa ya ninka nauyin jikinta sau da yawa. Mai siririn ƙugu da kafaɗa ta fi saurin juyawa, wannan dokar halitta ce, ba ta koci ba. Shi ya sa yarinyar da ba ta balaga ba take tsalle kamar ba komai, sai girma ya zo, tsayi ya ƙaru, ƙugu ya buɗe, ma'aunin da jiki ya haddace tun yarinta ya goce. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a sake gina tsallen a kan ƙarfin cinya da gwiwa, aikin da ke cin shekaru, ko kuma a yi ta danne jikin don kada ya canja. Hanya ta biyu ta fi saurin kawo lambar zinare.

Shekarun Khrustalny

An haifi Medvedeva a Mosko ranar 19 ga Nuwamban 1999. Mahaifiyarta ta taɓa yin wasan, ita ma tun tana shekara 3 aka ɗora ta a kan ƙanƙara. Tana ƙaramar yarinya ta shiga hannun Tutberidze, kuma a filin Khrustalny na makarantar wasanni ta Sambo 70 ta girma. A can aiki a rabe yake: Sergei Dudakov yana kula da tsalle, daga baya Daniil Gleikhengauz ya zama mai tsara rawa, ita kuma Tutberidze ita ce uwar gida, maganarta ce ta ƙarshe. Sunan wurin ya fita da abu biyu, yawan maimaita shiri daga farko har ƙarshe ba hutawa, da kuma hawa sikeli a kai a kai. 'Yan wasan da kansu sun sha ba da labarin awon nauyin nan.

Ba za a ce tsarin bai yi aiki ba. A 2015 Medvedeva ta ci gasar matasa ta duniya, a 2016 ta ci ta manya a Boston, kuma babu macen da ta taɓa haɗa waɗannan biyun a jere kafin ita. A 2017 ta sake ci a Helsinki. Daga ƙarshen 2015 har zuwa Janairun 2018 ba wadda ta doke ta a ko'ina. A Tokyo, cikin Afrilun 2017, ta tara maki 241.31, adadin da ba a taɓa gani ba a ɓangaren mata. Abin da ya fi ba abokan hamayyarta tsoro shi ne ba ta faɗuwa. Takan ɗaga hannu sama tana cikin juyi don ƙarin maki, takan tura yawancin tsallenta zuwa rabin ƙarshe na shirin, inda doka ta ba da ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda gajiya.

Amma masu ido sun daɗe suna ƙorafi a kan abu biyu. Tsallenta ba shi da tsayi sosai, ya dogara ne da murɗa kafaɗa da baya tun kafin ƙafa ta bar ƙanƙara, salon da ke yi wa mara nauyi daɗi amma yake cin gadon baya. Na biyu, tsallen da ake kira Lutz, wanda doka ta ce a tashi da kaifin waje, ita takan mirgina zuwa kaifin ciki a daidai lokacin tashi. Muddin tana cin gasa, wa zai tsaya gyaran abin da ke kawo zinare?

Ba ita ce ta fari a layin ba. Yulia Lipnitskaya, wadda ta burge duniya a Olamfik na Sochi a 2014 tana shekara 15, ita ma a hannun Tutberidze take. Ta bar ta a 2015, a 2017 kuma ta yi ritaya tana shekara 19, bayan jinyar cutar ƙin cin abinci.

Ƙafar dama

A kakar Olamfik, cikin kaka ta 2017, aka gano tsagewar ƙashi a tafin ƙafar Medvedeva ta dama, wato ƙafar da take dira a kanta. Da ciwon ta je Osaka ta ci gasar NHK, sannan aka sa mata filasta. Ta rasa gasar ƙarshe ta Grand Prix, ta rasa gasar ƙasa. Da ta dawo a Janairun 2018 don gasar Turai a Mosko, sai ta tarar da wadda ta sha gabanta, kuma ba daga nesa ta zo ba. Alina Zagitova ce, 'yar shekara 15, ƙanwarta a filin horo ɗaya, ƙarƙashin koci ɗaya. Zagitova ta ɗauki dabarar tura tsalle baya ta kai ta maƙura, duk tsallenta a rabin ƙarshe take yin su.

A Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, a watan Fabrairu, lissafin ya zo da ban tausayi. A dogon zagaye su biyun maki ɗaya suka samu, 156.65, babu bambanci ko na ɗigo. A gajeren ne aka rabu: Zagitova 82.92, Medvedeva 81.61. Tazarar maki 1.31 ita ta raba zinare da azurfa. Medvedeva ta taka labarin Anna Karenina ba kuskure ko ɗaya, kiɗa na tsayawa ta fashe da kuka.

Daga baya su biyun sun yi magana a kan abin da suka sha kafin wannan rana. Zagitova ta ce a lokacin Olamfik ko ruwa ba su cika sha ba, sai dai su kurkure baki su tofar. Medvedeva ta ce ta takura wa kanta a abinci ƙwarai don jikin ya bushe, domin a ganinta ba ta da wata hanyar. Wannan ne jikin da ya sauka a Toronto: ƙashin da bai daɗe da haɗewa ba, bayan da ya fara ciwo, da tsokar da aka hana ta girma.

Rabuwa a bainar jama'a

Gasar duniya ta Milan a watan Maris ba ta je ba saboda rauni. A farkon Mayu labari ya fasu. Tutberidze ta fito a gidan talabijin na Channel One ta ce ɗalibarta ta daina amsa saƙonninta, har ta nuna saƙonnin a wayarta, ta ce a labarai ta ji batun tafiyar. Sannan ta ƙara da abin da ya fi komai zafi: wai bayan an gama gasa a Pyeongchang, Medvedeva ta tambaye ta me ya hana a bar Alina a rukunin matasa shekara ɗaya kuma. Ranar 7 ga Mayu sanarwar Medvedeva ta fito. Ta yi godiya ga tsohuwar kocinta, ta ce za ta ci gaba da wakiltar Rasha, amma a Toronto za ta yi horo.

A nan ni dai ina ganin an yi rashin adalci. A ce ma yarinyar ta faɗi maganar. Mai shekara 18 ce ta faɗa wa wadda ta rene ta, cikin hawaye, mintoci bayan ta rasa abin da ta yi wa bauta tun yarinta. Irin wannan magana babba kan haɗiye ta ne, ba ya kai ta talabijin. Ita ma Medvedeva da nata laifin, domin shekara 11 ta wuce a rufe ta da shiru a waya. Mu da muka san yadda ake kallon yaron kasuwa da ya bar ubangidansa ba tare da an sallame shi ba, ba za mu yi mamakin fushin 'yan Rasha ba: kowa zai ƙirga shekarun da aka ciyar da shi, ba mai tambayar ko akwai sauran wurin zamansa a shagon. Kuma gaskiyar ita ce wurin Medvedeva a Khrustalny ya riga ya ƙuntata. Zagitova tana gabanta, a bayanta kuma ga Trusova, wadda a Maris ɗin nan ta yi tsalle mai juyi huɗu har iri biyu a gasar matasa ta duniya tana shekara 13.

Brian Orser ba baƙo ba ne ga ciwon azurfa. Shi kansa sau biyu yana zuwa na biyu a Olamfik, a Sarajevo a 1984 da Calgary a 1988. A matsayin koci ya kai Yuna Kim ta Koriya ta Kudu ga zinare a 2010, ya kai Yuzuru Hanyu na Japan sau biyu, 2014 da 2018, ya mai da Javier Fernández na Sifaniya zakaran duniya. (Shi ma ya ɗanɗani rabuwa mai ɗaci, don tsakaninsa da Kim ba a ƙare da daɗi ba.) A kulob ɗin Cricket na Toronto, shi da abokiyar aikinsa Tracy Wilson sun yi suna da mayar da manyan 'yan wasa ajin farko: yadda ake tura ƙafa, yadda ake lanƙwasa gwiwa, yadda ake samun gudu daga kaifi ba daga ƙarfin tsiya ba. Suna kuma ɗaukar ɗan wasa a matsayin babba mai bakin magana a kan kiɗansa da jadawalinsa. Medvedeva ta fara aiki da masaniyar abinci, ta fara gina tsoka. Orser ya yi ta roƙon a yi haƙuri, yana cewa idonsu na kan Olamfik na Beijing a 2022.

Kaka mai tsawo

Haƙuri kuwa shi ne abin da babu. Ga kuma dokoki sun canja a daidai lokacin. Hukumar wasan ta duniya, ISU, ta taƙaita garaɓasar rabin ƙarshe zuwa tsalle ɗaya a gajeren zagaye da uku a dogo, ta kuma faɗaɗa makin tsafta daga 3 zuwa 5, sama ko ƙasa. Ma'ana, tsalle mai tsayi da nisa ya ƙara daraja, kuskure kuma ya ƙara tsada. Dabarun da suka ɗaukaka Medvedeva an rage musu kuɗi, rauninta kuma an ƙara masa tara.

A watan Satumba, a gwajin 'yan wasan ƙasa a Mosko, ta manta wani ɓangare na rawarta a gaban jama'a. A Oakville ta zo ta biyu bayan Bradie Tennell ta Amurka. A Laval, a gasar Skate Canada, ta faɗo matsayi na 7 a gajeren zagaye, ta ci dogon, ta tsira da tagulla. A Grenoble ta Faransa, cikin Nuwamba, ta zo ta 4, karon farko ke nan da ta tashi hannu wofi a gasar ƙasa da ƙasa tun shigarta rukunin manya. A gasannin nan biyu na Grand Prix, wato Laval da Grenoble, ko maki 200 ba ta kai ba.

Wanda ya kalli tsallenta a watannin nan zai ga mutum a tsakanin hanyoyi biyu. Tsohon salon bai dace da sabon jikin ba, sabon salon kuma bai zauna ba tukuna. A wurin horo, inda hankali ke kwance, sabon yakan fito. A gasa, da zarar gaba ta faɗi, jiki sai ya koma wa abin da ya haddace tun yana shekara 10, kafaɗa ta riga ƙafa tafiya, juyi ya gaza cika. Masu cewa ƙiba ce matsalar sun ga rabin abin ne. Lallai jikinta ya canja, amma jikin mace mai shekara 19 ne da ta fara cin abinci yadda ya kamata, kuma abin kunya ne a ce wannan shi ne laifi. Duk da haka hotunanta aka riƙa jerawa a intanet, na bara da na bana, ana auna cinyarta da ido.

Akwai kuma kuskuren da ya kamata a ɗora wa Toronto. Gajeren shirin da aka tsara mata a kan waƙar Natalie Cole mai suna Orange Colored Sky, na fara'a da rangwaɗa, bai karɓe ta ba. An so a nuna sabuwar Medvedeva tun kafin a gama gina ta. Sabon koci, sabuwar ƙasa, sabon harshe, sabon tsalle, sabon salon rawa, duk a kaka ɗaya, kayan sun yi yawa. Bayan Grenoble aka ajiye shirin, Misha Ge ya tsara mata wani a kan kiɗan Tosca na Puccini, irin wasan baƙin cikin da ta ƙware a kai. Makonni kaɗan ta samu ta koye shi, da shi ta je Saransk, abin da ya faru kuma ya faru.

Kujera ɗaya, mata biyu

Gasar Turai ta wuce ba da ita ba. Saura gasar duniya, inda Rasha ke da gurbi uku. Yaran nan uku na Saransk shekarunsu ba su kai ba. Zagitova da Sofia Samodurova, wadda ta ci gasar Turai a Minsk, sun kama biyu. Na ukun aka bar wa gasar ƙarshe ta kofin Rasha a Veliky Novgorod cikin Fabrairun 2019, kuma abokiyar karawarta ita ce Elizaveta Tuktamysheva.

Tuktamysheva ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce amsar masu cewa mace ba ta tsalle bayan ta girma. Ɗalibar dattijo Alexei Mishin ce na birnin St. Petersburg, wanda ya gina mata tsalle a kan ƙarfin ƙafa tun tana yarinya. Ta ci gasar duniya a 2015, ta yi shekaru tana fama, ta dawo a wannan kaka tana shekara 21 da tsallen Axel mai juyi uku da rabi, ta doke Medvedeva a Laval, ta ci tagulla a gasar ƙarshe ta Grand Prix. Ciwon huhu ne ya hana ta zuwa Saransk. A Novgorod ita ta ci dogon zagaye, amma a jimilla Medvedeva ta sha gabanta da tazarar da ba ta kai maki 2 ba. Hukumar wasan ta Rasha ta zaɓi Medvedeva. Idan kakar gaba ɗaya za a duba, Tuktamysheva ta fi cancanta, kuma masoyanta ba su yi ƙarya ba da suka ce suna ya yi aiki. Nauyin wannan zaɓi ma sai ya hau kan Medvedeva, aka ƙara mata da sunan mai cin rabon wata.

A Saitama ta Japan, cikin Maris, ta zo ta 4 a gajeren zagaye. A dogon, a kan kiɗan tango na Astor Piazzolla, ta tsaya a kan ƙafafunta daga farko har ƙarshe. Ba tsohuwar Medvedeva ba ce mai yin komai kamar inji. Ana ganin ƙoƙarin a fuskarta, ana ganin yadda take ƙwato kowace dira da haƙora. Ta tara maki 223.80, ta ci tagulla, ta rige Rika Kihira ta Japan da maki 0.31 kacal. Zagitova ce ta ɗauki zinare da 237.50. Azurfa kuwa ta tafi ga Elizabet Tursynbaeva ta Kazakistan, mace ta farko da ta dira tsalle mai juyi huɗu a gasar manya ta ƙasa da ƙasa. Abin dariyar shi ne Tursynbaeva hanyar Medvedeva ta bi a juye: daga wurin Orser ta tashi a 2018 ta koma wurin Tutberidze. Duk mai neman hujjar cewa koci kaza ya fi koci kaza ya samu abin riƙewa a wannan dandamali, ko ta wane gefe yake.

A wurina tagullar Saitama ta fi zinaren Boston da na Helsinki wuyar samu. Amma ba ta warkar da komai ba. A kaka ta gaba tsallenta ya ƙara kyau, har ta zo ta biyu bayan Trusova a gasar Rostelecom a Mosko, inda ta ci gajeren zagaye. Sai dai zamanin juyi huɗu ya riga ya shigo, maki ya yi mata nisa. A gasar ƙasa ta Disamban 2019 a Krasnoyarsk takalminta ya lalace, ta janye. Annobar korona ta zo ta raba ta da Toronto, kuma a Satumban 2020 ta koma wurin Tutberidze, abin da ya bar masu zagi da masu yabo duka baki buɗe. Ba ta sake shiga gasa ba. Ciwon baya ya tsananta, korona ta kwantar da ita, a Disamban 2021 ta tabbatar cewa bayan nata ba zai bar ta ta ci gaba ba. Shekarunta 22. Tuktamysheva kuwa a wannan shekarar ta ci azurfa a gasar duniya tana da 24. Tursynbaeva ita ma a 2021 ta ajiye takalmi, ita ma saboda baya.

Sai da aka yi abin kunyar Beijing a 2022, lokacin da aka samu haramtaccen magani a gwajin Kamila Valieva, wata ɗalibar Tutberidze mai shekara 15, sannan hukumar ISU ta motsa. A taronta na Phuket ta ƙasar Tailan, cikin Yunin shekarar, ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 16 a kakar 2023, sannan 17 daga kakar 2024. Tsohuwar dokar cewa ta yi a cika 15 kafin 1 ga Yuli. Zagitova, haihuwar 18 ga Mayun 2002, da mako shida ta tsallake wannan layi ta je Pyeongchang. Da sabuwar dokar ce ke aiki, da shekara biyu za ta ƙara a rukunin matasa, ba ɗaya ba.